Gigin Tsufa: Kafin a Aika Yaro Kemis

A gidaje da yawa na Fagge a Kano, idan dattijo ya fara tashi ƙarfe biyun dare yana neman makullin shagonsa na Kantin Kwari, alhali ya shekara goma da barin kasuwa, sai a ce gigin tsufa ne. Idan ya hana gida barci, washegari a aika yaro kemis ya karɓo abin da zai kwantar da Baba. Daga nan ɓarnar take somawa.

Gigin tsufa larura ce ta ƙwaƙwalwa, ba sammu ba, ba kuma taurin kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma cutar Alzheimer ce ke jawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari.

Jikin tsoho ba ya fitar da magani da wuri, don hanta da ƙoda sun yi sanyi. Ƙwayar diazepam da aka ba shi da daddare tana iya kai shi azahar yana layi, ya tashi alwala ya zame, ƙashin ƙugu ya karye. Ko Piriton ɗin mura yana ƙara masa ruɗewa. Su haloperidol kuwa sun fi haɗari: a 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa sababbin magungunan taɓin hankali na ƙara yawan mutuwa ga masu gigin tsufa, a 2008 ta haɗa har da tsofaffin magungunan, irin su haloperidol. Likita kan ba da su idan ta kama dole, kaɗan, na ɗan lokaci, yana bibiya.

Abin tausayi, sau da yawa Baba ba rigima yake ji ba. Haƙori ne ke ciwo, ko fitsari ke masa zafi, ko bayan gida ya ɗaure, shi kuma ya rasa bakin faɗa. Ruɗewar da ta tsananta cikin kwana ɗaya ko biyu, asibiti take nema nan take.

A Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar masu haɗa magunguna sun rufe shagunan magani a Sabon Gari da Malam Kato, aka umarci dillalai su koma kasuwar magunguna ta Dangwauro. Amma sayen ƙwaya ba takardar likita yana nan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin majinyaci, sai dai ba ta iso zaurukanmu ba. Ya kamata limaman Fagge da fastocin Sabon Gari su isar da ita.

Mai karatu, idan kana jinyar tsoho, kada ka tsayar masa da magani da ka. Tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, ka kai wa likita a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ka tambaye shi wanne za a rage.