Ko Kun Sani? Kakar Hershey Bears ta 2023/2024

Ko kun san cewa ƙungiyar da ta fi kowace yawan kofuna a gasar AHL, wato rukuni na biyu na wasan hokin ƙanƙara a Arewacin Amurka, tana zaune ne a wani ɗan gari da ya yi suna wajen yin cakulan? Hershey Bears ta jihar Pennsylvania ta ci wasa 53 cikin 72 a kakar 2023/2024, sannan ta doke Coachella Valley Firebirds a zagayen ƙarshe, ta ɗaga Kofin Calder karo na 13, shekara biyu ke nan a jere.

Wani zai ce ai ƙaramar gasa ce, ba abin a zo a gani ba. To amma a duba yadda take. Bears tana renon 'yan wasa ne don Washington Capitals ta babbar gasar NHL, kuma duk ranar da Capitals ta buƙaci wani, sai ta kira shi, ko da kaka ta yi tsakiya. Ke nan gwanin da ya fi haskakawa shi ne mafi kusa da tafiya, koci ya koma neman mai cike gurbi. Idan kuma aka ce tsofaffin hannu ne ke riƙe da ita, ai dokar gasar ta ƙayyade yawan waɗanda za a sa a kowane wasa, sauran dole masu tasowa ne. Kare kofi a irin wannan hali bajinta ce ta gaske.