Tsabtace Jikin Mai Ciki Kafin Tiyatar Haihuwa

Gabatarwa

Tiyatar haihuwa ita ce tsaga ciki da mahaifa domin a ciro jariri idan haihuwa ta gagara, ko ta zama haɗari ga uwa ko ɗa. Fata ita ce garkuwar jiki, don haka da zarar an tsaga ta, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Abin lura shi ne, akasarin ƙwayoyin da ke ɓata mikin tiyata a jikin matar suke zaune, wato a fatarta da farjinta, inda ba sa cutar da ita sai sun shiga rauni.

Asali

A shekarar 1867 wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Joseph Lister, ya bayyana yadda wanke rauni da kayan aiki da sinadarin kabolik ya rage ruɓewar miki. Daga nan tsabtacewa ta zama ginshiƙin tiyata.

Matakan Tsabtacewa

Na farko, ana so mace ta yi wanka da sabulu idan akwai lokaci. Ba a aske gashin mara da reza, domin takan bar ƙananan tsagu da ƙwayoyin cuta ke taruwa a ciki. Idan ya zama dole, sai a rage shi da injin aski.

Na biyu, ana goge farji da aidin ko kilohezidin dab da fara aiki, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2021. Hikimar ita ce, idan an buɗe mahaifa, ƙwayoyin farji na iya haurawa cikinta su haddasa kumburi da zazzaɓi, musamman ga wadda ta daɗe tana naƙuda ko fayarta ta fashe tuntuni.

Na uku, ana shafe fatar ciki da kilohezidin mai haɗe da sifirit, a bar shi ya bushe kafin a sa wuƙa. Haka kuma ana yi wa matar allurar kashe ƙwayoyin cuta minti 30 zuwa 60 kafin yanka.

Kammalawa

Ciwon miki na iya bayyana cikin kwana 30 bayan tiyata. Zazzaɓi, ko mugunya, ko ɗoyi, alamu ne na a koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Wajibi ne malami ya san wannan, domin sau da yawa shi ake fara tambaya a ƙauye.