Ƙarin Mabuɓɓugar Gumi da Yadda Ake Gane Shi

A fatar ɗan Adam akwai 'yan mabuɓɓugan gumi kimanin miliyan 2 zuwa 4. Kowace ɗaya kamar zare take da aka duƙunƙune a ƙarƙashin fata, tana da siririyar hanya mai fitar da gumin waje. Jefi-jefi ƙwayoyin halittar wannan hanya sukan hayayyafa fiye da ƙima har su zama ƙari. Akasarin irin wannan ƙari ba ya yaɗuwa cikin jiki, wato ba ciwon daji ba ne. Wahalar ita ce ido kaɗai bai isa ya tabbatar da haka ba.

Mafi sauƙin ganewa shi ne siringoma: 'yan ƙuraje marasa zafi da kan fito a ƙasan ido, galibi ga mata. Ba su da wata illa sai ɓata fuska.

Foroma kuwa, wanda Hermann Pinkus da abokan aikinsa suka fara bayyanawa a Amurka a 1956, ya fi rikita likitoci. Yakan tsiro a tafin ƙafa ko na hannu, jajaja-jajaja, kuma yakan yi jini idan aka taka shi. To, a daidai tafin ƙafar nan ne melanoma, mugun ciwon dajin fata, ya fi kama baƙar fata, kuma wani lokaci yakan zo ba tare da baƙin launinsa ba. Ka ga ke nan, mai karatu, biyun suna iya kama da juna kamar an tsaga kara.

Saboda haka sai likita ya yanko ƙarin, a jiƙa shi cikin fomalin, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yayyanka siriri ƙwarai, a rina, sannan a duba da madubin ganin ƙananan halittu. A siringoma ana ganin 'yan hanyoyin gumi masu jela kamar talibambam. A foroma kuwa ƙwayoyin ƙanana ne, girmansu ɗaya, suna gangarowa daga saman fata a jere.

A ganina, babban kuskure shi ne a kai wa wanzami ya yanke a jefar, domin naman da aka jefar shi ne shaidar da ake bukata. Foroma da aka cire gaba ɗaya da wuya ya dawo. Wanda aka bari shekara da shekaru kuwa, a wasu 'yan lokuta yakan rikiɗe ya zama ciwon daji.