Fasfo a aljihu ko a cikin bato? Tambayar masu yawon teku

Yau za mu ɗan bar tudu mu leƙa teku. Wani zai ce me ya haɗa ɗan Nijar da teku, mu da ko kayanmu sai sun sauka a tashar ruwan wata ƙasa kafin mota ta kawo mana su. Ai kuwa akwai abin da ya haɗa. Ƴan uwanmu na zaune a Faransa, Beljiyam, Italiya da Amurka, kuma cikinsu akwai masu yin hutu a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido, wanda masu jin faransanci ke kira kurwaziyer. Wasu har iyaye suke gayyatowa daga gida a tafi tare. To, akwai wata tambaya da ke raba kan matafiyan nan: in bato ya tsaya a wani gari aka sauka yawo, a ɗauki fasfo ne ko a bar shi ciki?

Bari mu fara da yadda abin yake, don mutanen gida su gane. Irin wannan bato gari ne guda a kan ruwa, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da likita. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Galibi da dare yake tafiya, da safe ya tsaya a wani gari, mutane su sauka su yi yawo, da marece su koma. A tekun Bahar Rum mako ɗaya ya isa mutum ya taka Barsalona, Marsai, Jenowa, Napoli da tsibirin Malta, wani zubin har da Tunis.

Ranar shiga ana duba fasfo da biza, a ba mutum wani ɗan kati na roba. Katin nan shi ne makullin ɗaki, da shi ake sayayya a ciki, shi ake nunawa a ƙofa lokacin fita da lokacin komowa. A mafi yawan tashoshi ba wanda zai tsaya yana buga wa kowane fasinja hatimi, don kamfani ya riga ya miƙa wa hukumar wurin sunayen mutanen da ke ciki. Shi ya sa in ka tambayi ma'aikacin bato sau da yawa zai ce maka katinka da wata shaida mai hoto sun isa, ka bar fasfo a akwatin ƙarfe mai lambobin sirri da ke cikin ɗakinka.

Masu wannan magana suna da hujja. Inda duk bato ya juye dubban baƙi a lokaci guda, ƴan sane sun san da zuwansu. Titin La Rambla na Barsalona da jiragen ƙarƙashin ƙasa na Roma sun yi suna a wannan sana'a. In an zare maka waya ko ƴan kuɗi, ka yi baƙin ciki ka koma bato ka ci abincin dare. In fasfo ne aka zare, tafiyar ce gaba ɗaya ta lalace: sai ka nemi kumisariya ka yi rahoton ɓata, sai ka nemi ofishin jakadanci, kuma kamfani na iya ƙin ci gaba da ɗaukarka zuwa ƙasa ta gaba ba takarda. Bizar da aka sha wahala kafin a same ta ma ta tafi, tunda a jikin fasfon take manne.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa bato ba ya jiran kowa. Akwai lokacin da ake sanarwa kowa ya kasance ciki, galibi rabin awa kafin tashi. In kamfanin ne da kansa ya shirya muku yawon kuka makara, za a jira ku ko a ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. In kai ka ɗauki taksinka ka tafi, makararka taka ce. Ga kuma rashin lafiya ko haɗarin mota, wanda ba ya sallama. Mutumin da aka kwantar asibiti a wani gari bato ya wuce, zai bukaci fasfo don ya kama otel, ya kuma bukace shi don ya hau jirgin sama.

Abin ya taɓa faruwa nan kusa da mu. Ranar 27 ga Maris 2024, bato mai suna Norwegian Dawn ya tashi daga tsibirin Sawo Tome ya bar fasinja takwas, Amurkawa shida da ƴan Ostareliya biyu, waɗanda suka tafi yawo da wani mai rakiya na kansu suka dawo a makare. Kamfanin ya ce ya bar fasfunansu a hannun wakilinsa na tashar. Da fasfunan nan suka bi ƙasashe har Gambiya don su tari baton a Banjul, sai yanayin ruwa ya hana shi tsayawa, suka sake kama hanya zuwa Dakar, can suka shiga ranar 2 ga Afirilu. Magungunan wasu da katunan bankinsu kuwa duk suna cikin ɗakunansu a tsawon kwanakin nan.

Wannan labari ya nuna wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. In an ga fasinja bai dawo ba, al'adar kamfanoni da dama ita ce jami'ai su shiga ɗakinsa su buɗe akwatin ƙarfen, in sun sami fasfo su miƙa wa wakilin tasha kafin a tashi. Al'ada ce fa, ba alkawari ba. Kuma akwatin ƙarfen suke dubawa. Wanda ya tura fasfonsa ƙarƙashin katifa, ko ya naɗe shi cikin zane a ƙasan jaka kamar yadda muka saba ɓoye abu mai daraja, ba wanda zai tsaya bincike. In za ka bari, ka bar shi inda za a nema. Lamba da sunan wakilin tashar kuma suna cikin takardar shirin ranar da ake rabawa a ɗakuna ko a manhajar kamfanin. A ɗauki hotonta a waya kafin a sauka.

Yanzu ga inda muke so ƴan uwa su buɗe kunne. Shawarar nan ta "bar fasfo a ɗaki" an gina ta ne a kan Bature da Ba'amurke. Bafaranshe na iya yawo Italiya da Sipaniya da katin ɗan ƙasarsa kaɗai, doka ta yarda masa. Ba'amurke in ya ɓatar da fasfo, ƙasarsa na da ofishin jakadanci kusan ko'ina, a ba shi na gaggawa. Mai fasfon Nijar lissafinsa daban ne, kuma ta fuska biyu.

Ta fuskar farko, rashin fasfo a jiki ya fi yi mana tsada. A Faransa, Italiya da Sipaniya doka ta ɗora wa baƙo ya nuna takardunsa in jami'an tsaro sun tambaya. Katin bato ba takardar hukuma ba ce, fotokopi ma haka. Ko katin zama, wato kart de sejur, in ka fita daga ƙasar da ta ba ka shi zuwa wata ƙasar Shengen, ƙa'ida ita ce ya tafi tare da fasfo mai aiki. Ku ɗauki misali: bato ya bar mutum a Jenowa, tasha ta gaba Marsai ce. Bature zai sayi tikitin jirgin ƙasa ya tari baton da safe. Amma hanyar nan ta Bantimiliya da Manto take bi, iyakar da ƴan sandan Faransa ke bincike a kanta tun 2015, suna shiga jiragen ƙasa suna neman baƙin haure. Ba sai mun faɗa muku wanda ake fara tambaya takarda a cikin taragon ba. Ɗan uwanmu da ya biya kuɗin hutunsa da guminsa zai iya kwana yana bayanin cewa fasfonsa na cikin wani bato a tsakiyar teku.

Ta fuska ta biyu, ɓatan fasfon ma ya fi yi mana tsada. Nijar na da ofisoshin jakadanci a Paris, Roma, Burusal, Barlin da Washinton, amma tsibiran Girka ko na Karibiyan irin su Bahamas da Jamaika ba za ka sami namu a can ba. Abin da ofishin jakadanci ke bayarwa cikin gaggawa kuma galibi lesepase ne, takardar da aka yi don ta mayar da mutum gida, ba don ya ci gaba da yawo ba. Sabon fasfo kuwa kun san ba aikin yini ɗaya ba ne.

To ina mafita? Mu dai ga yadda muka auna abin. In tashar a Turai take kuma fasfon Nijar kake riƙe da shi, ka sauka da shi. Musamman in garin da za ka na da nisa da bakin ruwa. Bato da aka ce ya tsaya Roma, a gaskiya Cibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin, tafiyar awa guda ko fiye a jirgin ƙasa. Mai zuwa Fulorans a Liborno ake sauke shi, nan ma tafiya ce. Duk ranar da za ka dogara da jirgin ƙasa ko bas don ka dawo, ranar ce aka fi makara. Amma ɗauka ba ta nufin a cusa shi a aljihun baya ko a jakar goyo. Iyayenmu ƴan kasuwa sun daɗe da warware wannan da lalita: a rataya a wuya ko a ɗaura a ƙugu, ƙarƙashin riga, kuma ba a buɗe ta gaban jama'a. Kuɗin kashewa na ranar su zauna wani aljihu daban, don kada sayen ruwan sha ya sa a fito da fasfo.

In kuwa ranar wanka ce a bakin teku, ko yawon da kamfanin ya shirya da motarsa da mai rakiyarsa, kuma ba a ce dole a fita da fasfo ba, barin sa a akwatin ƙarfe ya fi. Fasfon da ruwa ya jiƙa hotonsa ko ya lalata na'urar da ke cikin bangonsa, jami'in iyaka na iya ƙin karɓarsa. Ranar sai a fita da katin zama ko wata shaida mai hoto, da fotokopin shafin farko da na biza. Ɗan uwan da ya sami takardar zama ɗan wata ƙasar Turai, shi katin ɗan ƙasarsa ya ishe shi a tashoshin Tarayyar Turai.

Akwai lokacin da zaɓin ma ba naka ba ne. A wasu tafiye-tafiye masu ratsa ƙasashe da yawa, bato kan karɓe fasfunan fasinja tun ranar shiga, ya ba da rasit, don jami'an kowace ƙasa su hau su duba su a taru. Alhazanmu da suka ga yadda ake tattara fasfuna a hannun masu kula da su a Saudiya ba za su yi mamakin wannan ba. Wasu tashoshin kuma hukumar ƙasar ce ke cewa kowa ya sauka da fasfonsa a hannu. Ana sanarwa tun daren, kuma wannan umarni ne. In an riƙe naka kana kuma son fita da shi, ka je teburin karɓar baƙi tun da wuri ka tambaya, kada ka bari sai da safe lokacin da layi ya yi tsawo.

Ga wani tarko da ya fi duk waɗannan, tun kafin a kai ga maganar sauka. Bizar Shengen akwai mai shiga sau ɗaya, akwai kuma mai shiga fiye da sau ɗaya. In baton zai taɓa Tunisiya, Maroko ko Turkiya ya dawo Italiya, an fita Shengen an sake shiga ke nan, kuma mai bizar shiga ɗaya na iya ganin an hana shi hawa tun ranar farko, ko da ya rantse ba zai sauka a Tunis ba. Wanda zai gayyato tsohuwa ko tsoho daga Maraɗi ko Damagaram ya duba wannan tun lokacin neman biza, ya kuma duba ko kowace ƙasar da ke kan hanyar na neman tata bizar daga ɗan Nijar. Kamfanoni da yawa suna kuma son fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya. Masu tambaya kan tsohon fasfo mai tambarin CEDEAO, tun da aka ƙaddamar da na AES ranar 29 ga Janairu 2025 hukumomi sun ce tsohon na nan da ƙarfinsa har ranar da wa'adinsa zai cika.

In da tsofaffi ake tafiya, muna ganin gara ɗa ko ɗiya su riƙe fasfunan a jikinsu, amma kowane tsoho a sa masa takarda a aljihu mai sunan baton, lambar wakilin tasha da lambar wayar ɗansa, don wanda ba ya jin yaren wurin in ya rabu da ayari ba ya da bakin tambaya. Maganin hawan jini ko na sukari na kwana biyu shi ma ya sauka tare da mai shi. A kuma tura wa wani amintacce a gida hoton fasfon ta WhatsApp kafin a tashi, don in waya da jaka sun tafi tare a sami inda za a nemo lambar.

Sai agogo. Lokacin komawa da ake sanarwa na agogon bato ne, waya kuwa tana sauya lokaci da kanta in ta kama layin wata ƙasa. Tunisiya agogonta ɗaya da namu na Nijar duk shekara, Italiya kuma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gabanmu da awa ɗaya. In baton ya riƙe agogon Italiya ya ce ƙarfe biyar, wayarka a kasuwar Tunis ƙarfe huɗu za ta nuna maka a daidai lokacin da ake janye tsani. Kafin a taka ƙasa a tambayi mai tsaron ƙofa wane agogo ake bi yau, a saita na hannu da shi.