Yadda ake zaɓen ƙauyuka a taswirar kwamfuta

Ya ku masu koyon karatu da rubutu, wataƙila kun taɓa ganin an haƙa wa wani ƙauye rijiya, aka tsallake na kusa da shi, alhali ƙishirwarsu ɗaya. Dalilan hakan suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne yadda ake zaɓen ƙauyuka a taswirar kwamfuta tun kafin ma'aikata su fita daji. Wannan darasi zai bayyana muku yadda zaɓen yake gudana, da abin da za ku yi don kada a manta da garinku.

Mece ce taswirar kwamfuta?

Taswirar takarda zane ce kawai. Ta kwamfuta kuwa abu biyu ce a haɗe: zane da rajista. A zanen, ɗigo yana nufin ƙauye ko rijiya, layi yana nufin hanya ko burtali ko gulbi, kewayayyen fili kuma yana nufin gona ko makiyaya ko ƙaramar hukuma. A rajistar, kowane ɗigo yana da layinsa, kamar yadda kowane ɗalibi yake da layinsa a littafin kiran suna. A layin ƙauye ana rubuta sunansa, gundumarsa, yawan jama'arsa, adadin rijiyoyinsa, da ko yana da makaranta. Ma'aikatan Nijar suna kiran wannan tsari SIG, a taƙaicen Faransanci. Cikin manhajojin da ake aikin da su akwai ArcGIS, wadda ake saya, da QGIS, wadda aka fara a 2002 kuma kyauta ce.

Daga ina bayanan suke fitowa?

Mutane ne suke rubuta su. Bayan ƙidayar jama'a ta 2012, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da kundin garuruwa mai suna RENALOC, wanda ya jera garuruwa da ƙauyuka da yawan mutanensu. Ma'aikatan ruwa suna da lissafin rijiyoyi da famfuna. Kwamitocin kula da filaye, waɗanda suka samo tushe daga dokar karkara ta 1993, suna rubuta burtali da makiyaya da mashaya. Ana auna matsayin kowane wuri da na'urar GPS, sannan a ɗora shi a taswira.

Yaya ake yi wa taswira tambaya?

A ce an sami kuɗin rijiya ashirin a gundumar Gidan Rumji. Gundumar tana da ƙananan hukumomi biyar: Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa, kuma ƙauyukansu suna da yawa ƙwarai. Ma'aikaci ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya a takarda ba. Sharaɗi zai rubuta, kamar haka:

GUNDUMA = 'Gidan Rumji' DA JAMA'A > 500 DA RIJIYA = 0

Alamar = tana nufin "daidai da". Alamar > tana nufin "ya fi", alamar < kuma "bai kai ba". Ma'anar jimlar ke nan: a nuna ƙauyukan gundumar Gidan Rumji da mutanensu suka fi 500 kuma ba su da rijiya ko ɗaya. Kwamfuta za ta bi rajistar layi-layi. Duk ƙauyen da ya cika sharuɗɗan uku, ɗigonsa zai sauya launi a taswira. Sauran za su zauna yadda suke. Aikin ya yi kama da tankaɗe: abin da ya dace da idon rariya ya wuce, saura ya tsaya.

Ana iya haɗa tambaya da lissafi. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi a karkarar Nijar shi ne rijiyar zamani ɗaya ga mutum 250. Ƙauye mai mutum 1,000 yana bukatar huɗu. In ɗaya gare shi, uku suka rage masa. Don gano irin waɗannan ƙauyuka sai a rubuta: JAMA'A > RIJIYA × 250.

Bambancin "DA" da "KO"

Ku lura da waɗannan ƙananan kalmomi biyu, waɗanda a cikin manhaja ake rubuta su AND da OR. "DA" tana ƙuntata zaɓe, domin dole ne a cika dukkan sharuɗɗa. "KO" tana faɗaɗa shi, domin sharaɗi ɗaya ya isa. A maganar yau da kullum muna cewa "ƙauyukan Agye da Gazawa". Amma in aka rubuta GUNDUMA = 'Agye' DA GUNDUMA = 'Gazawa', ba ƙauyen da zai fito, saboda babu ƙauyen da yake cikin gunduma biyu a lokaci guda. "KO" ce ta dace a nan.

Rubutaccen umarni

In tambayar za a riƙa maimaita ta, ma'aikaci yakan rubuta jerin umarni da harshen kwamfuta mai suna Python: buɗe rajistar ƙauyuka, ɗauki ƙaramar hukuma ta farko, zaɓi waɗanda suka cika sharaɗi, ajiye sunayensu, wuce ta gaba. Ta haka kwamfuta za ta yi Cadawa, ta yi Gangara, ta yi Tibiri, ba gajiya kuma ba son kai. Sai dai in akwai kuskure a umarnin ko a rajistar, shi ma haka za ta maimaita shi ko'ina ba tare da ta sani ba.

Hanyoyi huɗu da ƙauye yake ɓacewa

Na farko, rubutun suna. A takardun Faransanci ana rubuta Guidan Roumdji, Aguié da Gazaoua. A Hausa kuwa Gidan Rumji, Agye da Gazawa. A wurinku wuri ɗaya ne. A wurin kwamfuta kuwa harafi ɗaya ya bambanta, suna ya bambanta.

Na biyu, takwarori. Ƙauyuka masu suna Sabon Gari ko Dan Kada ko Tudun Wada ba ɗaya ba ne a ƙasar Hausa. Ana iya ɗora rijiyar wani a kan takwaransa. Shi ya sa ake bai wa kowane gari lambarsa.

Na uku, tsohon bayani. Kafin 2011 Gazawa da Gangara suna cikin gundumar Agye. A shekarar ne Gazawa ta zama gunduma. Wanda ya nemi gundumar Gazawa a rajistar da aka cika kafin lokacin ba zai sami ko ƙauye ɗaya ba. Haka kuma rijiyar da ta rufta shekara biyar da suka wuce tana nan da rai a rajista muddin ba a gyara ba, kuma ana lissafa ta a kanku.

Na huɗu, gurbin da aka bari fayau. Sifiri yana nufin an duba, ba a sami rijiya ba. Gurbi fayau yana nufin ba a rubuta kome ba. Tambayar RIJIYA = 0 ba ta ɗaukar ƙauyen da gurbinsa yake fayau, ko da mata suna tafiyar rabin yini neman ruwa.

Abin da ya rage gare ku

Kun ga ke nan kwamfuta ba ta san garinku ba. Abin da aka rubuta a kansa kaɗai ta sani. A nan karatunku yake da amfani.

1. In masu ƙidaya ko masu bincike suka zo, ku faɗi gaskiyar adadin mutane. Ragewa don tsoron haraji tana iya sauko da ku ƙasa da sharaɗi; ƙari kuma, in an gano shi, yana zubar da amana.

2. Ku nemi ganin abin da aka rubuta kafin maigari ya sa hannu. Ku karanta sunan gari harafi-harafi, ku duba kada a bar gurbi fayau.

3. Ku ajiye littafin gari: rijiyoyi masu aiki da matattu, ranar da famfo ya lalace, unguwanni da rugagen da suke shan ruwa tare da ku.

4. In wani abu ya sauya, ku kai labari a rubuce ofishin ƙaramar hukumarku, ku riƙe kwafi.

5. In an karanta jerin ƙauyukan da aka zaɓa ba ku ciki, ku tambaya cikin ladabi: wane sharaɗi aka sa, kuma rajistar wace shekara aka duba?

Aikin gwaji

Ku rubuta sunayen ƙauyuka biyar na kusa da ku, kowanne a layinsa, da kimanin jama'arsa da rijiyoyinsa masu aiki. Ku ninka adadin rijiyoyin da 250. Ku ja layi a ƙarƙashin duk ƙauyen da jama'arsa suka fi abin da ya fito. Aikin da kwamfuta take yi ke nan. Ku kawo takardar aji, ku gwada da ta abokan karatunku, ku ga inda lissafinku ya sha bamban da dalilin hakan.