Hannun Mai Ɗaukar Sauti a Fayafayen Mdou Moctar

Sau da yawa in mun ji faifai ya yi daɗi, mawaƙi kaɗai muke yabo, mu manta da wanda ya zaɓi ɗakin ɗauka, ya kafa makirufo, ya ɗaga wannan sauti ya danne wancan. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda irin waɗannan shawarwari ke sauya kamannin kiɗa, ta hanyar duba fayafayen Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar. Masu nazari sukan sa kiɗan ƙungiyarsa cikin salon rok na saikedelik, watau salon da ya bunƙasa a Amurka da Ingila a shekarun 1960, wanda ake jirkita muryar jita a cika ta da amsa-kuwwa har mai sauraro ya ji kamar yana mafarki.

Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. A lokacin, kiɗan finafinan Hausa ne ke tashe a sutudiyoyin Arewa, saboda haka da kayan aikin wannan kiɗa aka yi masa aiki. Maimakon makaɗi mai ganga, na'ura ce ke buga kiɗan, bugu ɗaya ba ya ɗara ɗan'uwansa. Muryar kuwa an bi da ita ta Auto-Tune, manhajar da ke jawo murya zuwa karin sautin da ya fi kusa. In an tsananta ta, sai muryar ta riƙa tsalle tana karkarwa. Duk wanda ya saba jin waƙoƙin fim a waya a Danchadi ko Boɗinga zai gane wannan amo nan take, ko da yake da harshen Tamashek aka rera waƙoƙin. Ta katin waya da Bluetooth suka bazu a Sahel, har ɗayarsu, Tahoultine, ta shiga tarin da kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya fitar mai suna Music from Saharan Cellphones.

A 2013 sai ga Afelan, wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaraden. A nan ba a goge kome ba. Jitar lantarki na fita da kaushinta, ana jin tafi da muryoyin jama'a. Abin da mai ɗauka ya zaɓa shi ne ya bar wurin ya shiga cikin faifan.

Ilana kuwa, na 2019, a birnin Ditiroyit na Amurka aka ɗauke shi tare da Chris Koltay, kuma shi ne faifan farko da cikakkiyar ƙungiya ta shiga sutudiyo. Ganguna na gaske suna hanzari suna sassautawa gwargwadon zafin wasa, jitar bes ta Mikey Coltun ta ba kiɗan nauyi daga ƙasa, sa'an nan aka bar jitar Mdou ta yi dogon zango ba tare da an datse ta ba. Daga wannan faifai ne aka fi kwatanta shi da Jimi Hendrix.

Hujja mafi ƙarfi ita ce fayafai biyu na baya. Funeral for Justice, na 2024, Coltun ne ya ɗauke shi cikin kwana biyar a wani gida da kusan babu kaya a ciki a Jihar Niyok, ya fito da ƙara da tsawa. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, hanyar gida ta toshe wa makaɗan suna Amurka, sai suka sake ɗaukar waƙoƙin nan da jitar da ba ta lantarki ba. Wannan ne ya zama Tears of Injustice na 2025. Kalmomin ba su sauya ba, amma abin da ya fito da fushi a na farko ya koma juyayi a na biyu.

Darasi ga ɗalibin adabin baka shi ne, faifai ba shi ne waƙa tsagwaronta ba. In za mu nazarci Shata ko Ɗanƙwairo ko mawaƙan fim, wajibi ne mu tambaya a ina aka ɗauka, da wane kayan aiki, kuma wa ya tsara sautin, don kada mu jingina wa mawaƙi salon da na'ura ce ta haifar.