Alƙalin Wasa Ma Rai Gare Shi

Wata rana da la'asar na tsaya kallon ƙwallo a ɗaya daga cikin filayen samarin Tumfure, kusa da titin Bauchi. Wanda ke hura usur dattijo ne mai furfura, ba ko takalmin kirki a ƙafarsa. Wani matashi ya narka ƙwallo ta same shi a fuska, ya zube, fili ya kaure da dariya. Ya tashi, ya share haɓo da gefen rigarsa, ya ci gaba da alƙalanci. Babu wanda ya miƙa masa ko ruwan leda. Sa'arsa ɗaya, ƙwallon ƙafa iska ce a cikinta. Da ta kurket ce, da wani labarin ake yi.

Ƙwallon kurket ba ta wuce cikin tafin hannu ba, amma taurinta kamar dutse. Ɓawon itace ne a tsakiya, aka naɗe shi da zare aka rufe da fata, nauyinta wajen giram 160. Gwanayen jifa kan wurga ta da gudun da ya haura kilomita 140 a awa, mai bugu kuma ya maido ta da faffaɗar sandarsa. Alƙali yana tsaye a bayan turaku uku, mita 20 da 'yan kai daga mai bugun. Idan ƙwallon ta nufo shi, bai da ko sakan ɗaya na kaucewa. Aikin nasa ma shi ke hana shi shiri: sai ya duba ƙafar mai jifa ko ta ƙetare layi, sannan ya ɗago ido. Mai bugu yana da hular kwano da safar hannu da kariyar ƙwauri. Alƙali kuwa, shekara da shekaru, daga shi sai malafa.

An yi rashi ba sau ɗaya ba. A 2009 Alcwyn Jenkins, mai shekara 72, ya rasu a Swansea bayan ƙwallon da ɗan wasa ya jefo ta same shi a ka. Ranar 29 ga Nuwamba, 2014, Hillel Oscar, tsohon kyaftin ɗin Isra'ila, yana alƙalanci a Ashdod, ƙwallo ta daki turke ta karkato kansa, ajalinsa ke nan. A Yulin 2019 irin haka ta sami John Williams, mai shekara 80, a Pembroke da ke Wales. Ya yi kusan wata guda a asibiti kafin rai ya yi halinsa.

Abin lura game da Oscar shi ne, kwana biyu kacal kafin rasuwarsa duniyar kurket ta rasa Phillip Hughes, ɗan wasan Ostireliya mai shekara 25, wanda ƙwallo ta daka a wuya a Sidni. Mutuwar Hughes ta girgiza ko'ina. Jama'a suka riƙa jingine sandunan bugu a ƙofar gidajensu don tunawa da shi, aka kuma ƙera kariyar wuya da ake maƙalawa a bayan hular kwano. Zuwa 2019 hukumar kurket ta duniya ta amince a musanya ɗan wasan da ya bugu a ka. Labarin Oscar bai yi wannan amon ba, don babu mai sayen tikiti ya zo kallon alƙali.

Alƙalan da kansu suka fara nema wa kansu mafita. A Disambar 2015 ƙwallo ta sami John Ward na Ostireliya a ka yana aiki a Indiya. Abokin aikinsa Gerard Abood bai jira umarnin kowa ba, ya shiga fili da hular kwano a gasar cikin gida a wannan watan. A Janairun 2016 Ward ya zama na farko da ya sa ta a wasan ƙasa da ƙasa, a Kanbera, tsakanin Ostireliya da Indiya. Bruce Oxenford kuma ya fito da garkuwar roba mai garai-garai da yake ɗaurawa a hannun hagu. Daga 2020 aka mayar da duba ƙafar mai jifa ga alƙalin da ke gaban talabijin a manyan wasanni. Amma Jenkins da Williams ba a manyan wasanni suka mutu ba. A ƙananan filaye ne, inda babu kyamara, inda dattawa ke aiki don son wasan kawai.

Nan ne maganar ta shafe mu. Kurket na daɗa samun gindin zama a Najeriya. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matanmu kuma sun doke New Zealand a Maleshiya a Janairun 2025. Wasan na shiga makarantu, kuma malamin motsa jiki ne zai tsaya a bayan turaku. Tun ran gini ran zane: duk mai sayen sanduna da ƙwallo ya haɗa da hular alƙali da akwatin agajin gaggawa, a kuma san wanda zai kai mutum asibiti tun kafin a fara. Wanda ya bugu a ka ya fita daga fili, ko da ya ce babu komai, don zubar jini a cikin ka kan ɓuya na sa'o'i. Wannan ƙa'idar ta hau kan filayen ƙwallon ƙafarmu, daga Tumfure har filin Pantami, inda hatsarin alƙali ya fi zuwa daga hannun fusatattun 'yan kallo.

Can a ƙasashen waje, idan abokin aiki ya rasu, a kan ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, a yi shiru na minti ɗaya. Mu namu ya fi haka zurfi: mu yi masa salla, mu raka shi makwancinsa, mu zauna kan tabarma kwana uku muna faɗin Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addinin da ya koya mana haka shi ya umarce mu da riƙo da sababi. Idan an naɗe tabarmar makoki, saura hakki biyu a kan abokan aiki: su leƙa iyalan da ya bari, su kuma tabbata wanda zai tsaya a gurbinsa mako mai zuwa bai shiga fili da malafa kaɗai ba.